Yadda ake gasa IC ɗin da ya zo a bututu ba tare da an lalata shi ba

Bututun robar da kamfani ke jero IC (ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ake dasawa a bod, wato allon cikin na'ura) a ciki an yi shi ne don jigila da kuma ɗorawa a kan injin dasa kaya, ba don shiga wuta ba. Wanda ya ga an rubuta digiri 125 na Salshiyas a jikin ledar kayan a matsayin zafin gashin da ke busar da danshinsu, ya ɗauki bututu yadda yake ya tura cikin obin, abin da zai tarar shi ne roba ta lanƙwashe ta tsuke, ta kama kayan gam, ƙafafunsu sun karkace, ɗaki kuma ya gume da warin ƙonanniyar roba. Daga nan sai dai a sa wuƙa a yanko su, kuma yawanci an yi asararsu ke nan.

Ƙa'idar da masana'antun haɗa bod ke bi a wannan fanni ita ce J-STD-033, wadda ƙungiyoyin IPC da JEDEC suka fitar tare. Ta raba mazubin kaya gida biyu. Akwai mai jure zafi, kamar baƙin tiren da aka buga masa iyakar zafinsa a gefe, akwai kuma marar jurewa, wato ril (faifan da ake naɗe kaya a kai) da bututun roba da farin tire na jigila. Marar jurewa ba a wuce digiri 40 da shi. Duk abin da zai biyo baya a nan daga wannan iyaka ya samo asali: ko dai ka bar kayan a bututunsu ka yi haƙurin makonni, ko ka fitar da su ka gasa cikin sa'o'i, ka kuma ɗauki haɗarin da ke tattare da taɓa su.

Abin da gashin ke magancewa

Baƙin jikin IC ifoksi ne, wato wata roba mai daskarewa da tauri, da aka cuɗa da garin silika, kuma yana shan danshin iska a hankali. Danshin yana ratsawa ciki ya taru a mahaɗa, tsakanin ifoksi da ƙwayar silikon, da kuma tsakanin ifoksi da ɗan farantin jan ƙarfen da ƙwayar ke zaune a kai. Dalmar zamani ta SAC305, wadda kusan duk kuza ce da ɗan azurfa da jan ƙarfe, tana fara narkewa wajen digiri 217, don haka a obin narka dalma jikin kaya yakan kai tsakanin 245 da 260 cikin 'yan mintuna. Danshin da ke ciki sai ya zama tururi, ba shi da hanyar fita, ya tura ifoksin da ƙarfi kamar yadda ƙwayar masara ke fashewa ta zama gugguru. Wani lokaci ana ganin tsaga a gefe ko kumburi a ƙasan kayan. Mafi yawa kuwa ɓarnar a ciki take: ifoksi ya saki ƙwayar, ko siririyar wayar da ta haɗa ƙwayar da ƙafa ta ja ta kusa tsinkewa. Irin wannan bod yakan ci gwaji lafiya ƙalau, sai ya yi watanni a hannun mai shi sannan ya fara ɗaukewa yana dawowa. Hoton X-ray bai cika nuna wannan sakin ba, sai da na'urar da ke leƙa ciki da sauti.

Daga wannan bayani za ka gane cewa ba kowane bututu ne ke buƙatar gashi ba. Haɗarin yana nan ne idan zafin narka dalma zai game jikin kayan gaba ɗaya. DIP da TO-220, nau'o'in kaya masu ƙafafun da ake cusawa a hujin bod, waɗanda su ma a bututu suke zuwa, idan da ayan (ƙarfen narka dalma na hannu) za a kama ƙafafunsu, ko dalma za ta taɓa su ta ƙasan bod kawai, ko soket za a cusa su, babu dalilin gasa su. Gashin ma illa zai yi wa ƙafafun. Amma da zarar za a bi da kayan ta obin narka dalma, ko za a kunna musu bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi, to maganar ta shafe su. Waɗanda aka fi fama da su a bututu su ne nau'o'in da ake dasawa a saman bod, wato SOIC, SSOP, TSSOP, SOJ da PLCC.

Kafin ka kunna obin, duba ko akwai buƙata

A jikin ledar da ke hana danshi shiga akwai takarda mai ɗauke da matakin MSL, wato matakin da ke nuna wa'adin da kaya za su iya yi a iskar ɗaki kafin su bi ta obin narka dalma. Mataki na 1 ba shi da wa'adi. Na 2 shekara guda ne bayan buɗe leda, 2a mako 4, na 3 awa 168, na 4 awa 72, na 5 awa 48, 5a awa 24. Na 6 dole ne a gasa shi kafin aiki, a kuma dasa shi cikin lokacin da aka rubuta a takardar. Kada ka yi zato da ido. SOIC mai ƙafa 8 daga wani kamfani yakan zama mataki na 1, mai kama da shi sak daga wani kamfanin ya zama na 3.

Waɗannan wa'adodi an auna su ne a ɗakin da bai wuce digiri 30 da danshi kashi 60 cikin 100 ba. Ɗakin aiki marar na'urar sanyaya iska a tsakiyar damina yakan wuce duka biyun, kuma a irin wannan hali wa'adin raguwa yake yi. Ƙa'idar tana da jadawali na musamman don haka. Ma'aunin zafi da danshi a bangon ɗakin aiki, wanda ake duba shi a rubuta safe da yamma, shi ne zai gaya maka ko awa 168 ɗinka awa 168 ce da gaske.

Idan za ka buɗe leda, fara da duba ranar da aka like ta. Ledar da ba ta huje ba tana riƙe kaya aƙalla wata 12 daga wannan rana, in an ajiye ta ƙasa da digiri 40 da danshi kashi 90. Shafa ta da hannu ka ji, musamman ta inda bakunan bututai suke, domin kusurwar bututu da 'yar ƙusar robar da ke toshe shi su ne suka fi huda leda daga ciki. Yanka ta da almakashi daf da likin, don ka bar wurin sake likewa. Nan take ka ciro katin danshi ka karanta, kafin iskar ɗaki ta canza masa launi, a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 18 da 28. Katin yana da ɗigo uku: 5, 10 da 60. A tsohon nau'in kati shuɗi shi ne bushewa, ruwan hoda shi ne jiƙewa, amma akwai sababbin katuna masu wasu launuka, don haka karanta abin da aka buga a jikinsa. Ga kayan mataki na 2a zuwa 5a, idan ɗigon 5 ya juya kuma ɗigon 10 ya bar launinsa na bushewa, sai an gasa. Ga mataki na 2, ɗigon 60 ake dubawa.

A nan ne bututu ke da wata matsala da ril ba shi da ita. Ril ɗaya leda ɗaya, takardarsa a jikinsa. Leda ɗaya kuwa tana iya ɗaukar bututai da yawa, kuma bayanin MSL a jikin ledar yake, ba a jikin kowane bututu ba. Da zarar an zare bututu uku an kai bakin inji, an mayar da ledar sito, babu wanda zai iya cewa yaushe suka fito. Saboda haka ka ciri iya waɗanda aikin yau ke buƙata, ka rubuta wa kowanne lambar kaya, lambar rukuni, matakin MSL, da rana da awar da aka buɗe. Rubutun ya kasance a wurin da ba zai rufe tagar da ake hango kayan ba, kuma nesa da bakin da zai shiga fida, wato abin da ke miƙa wa inji kaya. Sauran a mayar a like cikin rabin awa, in ba haka ba ƙunshin shan danshin da ke ciki ya sha iskar ɗaki, sai an sa sabo.

Akwai sauƙi guda da ke rage gashi ƙwarai, amma mutane ba su cika amfani da shi ba. Kayan mataki na 2, 2a da 3 da ba su wuce awa 12 a waje ba, idan aka sa su a kabad ɗin busarwa mai danshi kashi 10 ko ƙasa, na tsawon ninki 5 na lokacin da suka yi a waje, wa'adinsu ya koma sabo. Na mataki 4, 5 da 5a da ba su wuce awa 8 ba, ninki 10 ne a kabad mai kashi 5 ko ƙasa. Bututun MSL 3 da ya yi awa 6 a kan inji, awa 30 a kabad ta ishe shi, ba tare da an taɓa ko ƙafa ɗaya ba. Idan an wuce waɗannan sa'o'i, kabad mai kashi 5 tsayar da agogo kawai yake yi, ba ya mayar da shi baya.

Tsawon gashi

Abubuwa uku ke yanke shi: kaurin jikin kayan ba tare da ƙafafu ba, matakin MSL, da zafin da ka zaɓa. Kauri ne ya fi tasiri, domin danshi sai ya ratso daga tsakiya zuwa waje. A jadawalin bugun C na 2012, kayan MSL 3 da suka wuce wa'adinsu da fiye da awa 72, in kaurinsu bai wuce milimita 1.4 ba, awa 9 ne a digiri 125, awa 33 a digiri 90, ko kwana 13 a digiri 40. Daga 1.4 zuwa 2.0, awa 27 a 125 ko kwana 37 a 40. Daga 2.0 zuwa 4.5, awa 48 a 125, kwana 10 a 90, ko kwana 79 a 40. TSSOP yana rukunin farko. Faffaɗan SOIC da PLCC suna rukuni na uku. Siririn SOIC yana kan iyakar 1.4, sai ka duba zanen kamfani ko ka auna da ma'aunin kauri na kalifa. Bugun D na 2018 ya ƙara rarraba siraran kaya kuma ya sauya wasu lokutan, don haka ka yi aiki da bugun da mai ba ka aikin ya ambata, kuma idan takardar kamfanin da ya yi IC ɗin ta faɗi nata lokacin, ita ce gaba.

Da waɗannan alƙaluma zaɓi yakan fito da kansa. Siririn kaya da ba a gaggawar sa, a bar shi a bututu a digiri 40. PLCC kuwa babu mai jiran kwana 79, dole a fitar da shi. Digiri 90 ba ya ceton bututu, shi ma sai an juye kayan, amfaninsa a ƙafafu yake. Zafi sama da 90 yana sa kuzar da aka shafe ƙafafu da ita ta yi tsatsar iska, kuma yana kaurara layin da ke tsakanin kuza da jan ƙarfe, har dalma ta ƙi kamawa. Shi ya sa jimillar gashi tsakanin 90 da 125 ba ta wuce awa 96 a rayuwar kaya. PLCC da aka gasa sau biyu na awa 48 ya cinye rabonsa. A 90 ko ƙasa babu wannan iyaka. Sama da 125 kuwa ba a zuwa sai da izinin kamfanin da ya yi kayan.

Hanyar digiri 40

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki obin na yau da kullum a saita shi a 40, a zuba bututai, a fara ƙirga kwanaki. Wannan ba ya busar da komai. Iskar ɗaki mai digiri 30 da danshi kashi 60, in aka ɗumama ta zuwa 40, danshinta yana sauka ne zuwa wajen kashi 34 kawai. Ƙa'idar kuwa kashi 5 ko ƙasa take nema. Ita wannan iskar in aka kai ta 125 tana sauka zuwa wajen kashi 1 da kanta, shi ya sa gashi mai zafi ba ya buƙatar komai sai obin mai hujin shan iska. A digiri 40 busasshiyar iska ce ke aikin, zafin taimako ne kawai. Wanda ya san bazara a Sakkwato ko Maiduguri ya san 40 zafin inuwa ne, ba na gashi ba. Abin da ake buƙata shi ne kabad mai ɗumi da ke da na'urar tsotse danshi, ko wanda ake hura masa naitirojin, da ma'auni mai rubuta danshin ciki dare da rana.

Fitar da bututai daga leda da kwali da duk wani abin naɗi. Kwance robar da aka ɗaure su da ita, domin ko a 40 roba mai matsi tana iya barin tsukewa a jikin bututu bayan makonni. Shimfiɗa su a kwance a kan shiryayye mai lebur, da tazara a tsakani, kada rabin bututu ya yi reto a iska, kada kuma a ɗora musu nauyi. Jadawalin gashi ya yarda da 40 zuwa 45, amma bututun roba iyakarsa 40 ce, don haka auna zafin a daidai inda bututai suke, ba a allon ƙofa ba, domin kusa da hita yakan fi. Kabad ɗin da ake buɗewa kowane lokaci don ɗaukar wasu kaya bai dace da wannan aiki ba. Na kirki yana komawa bushewarsa cikin awa ɗaya bayan an rufe, to ka lissafa abin da buɗewa goma a yini za ta ci. Idan wuta ta ɗauke, duba rubutun ma'auni, duk lokacin da danshi ya haura kashi 5 kada ka ƙirga shi a cikin kwanakin.

Hanyar juye kaya zuwa mazubi mai jure zafi

Mafi kyawun mazubi shi ne bututun alminiyam mai siffar cikin da ta yi daidai da ta kayan, domin kayan za su zame daga wannan zuwa wancan ba tare da hannu ya taɓa su ba, kuma fuskarsu ba za ta juya ba. Na biyu shi ne tiren JEDEC mai gurbin da ya dace, wanda aka buga masa 125 ko sama da haka a gefe. Tiren da babu rubutun zafi a jikinsa a ɗauke shi a matsayin marar jurewa. Na ƙarshe, in babu waɗannan, lebur ɗin farantin alminiyam ko na bakin ƙarfe marar tsatsa, mai tsabta, a jera kayan ɗaiɗai, kada wani ya hau wani, kada ƙafafu su sarƙe.

Haɗari uku ke cikin juyewa: caji, ƙafafu, da fuska.

Duk lokacin da IC ya zame a cikin bututun roba yana ɗaukar cajin gogayya. Shafen da aka yi wa bututu don rage wannan yana gogewa da yawan amfani da kuma tsufa. Idan kayan da ya ɗauki caji ya taɓa ƙarfe, cajin yana fita nan take ta ƙafa ɗaya, kuma bututun alminiyam ƙarfe ne. Mutum ba ya jin tartsatsi sai ya kai wajen volt 3,000, alhali volt ɗari biyu ko uku sun isa su huda wasu IC. Lokacin hunturu, da tufafi ke ƙaras-ƙaras in an cire su, abin ya fi muni. Saboda haka aikin a kan tabarmar ESD, wato mai sauke caji, da aka haɗa da wayar ƙasa ake yin sa, da igiyar wuyan hannu mai resista megohm 1 da aka gwada a ranar, da fanka mai kashe caji tana hurawa daidai mahaɗar bututan biyu. Igiyar hannu tana sauke cajin jikinka ne kawai, ba ta sauke na roba, fankar ce ke yin wannan. Kawar da leda da kofin roba da salatif daga tebur.

Ɗora bututan biyu baki da baki a kan abin da zai riƙe su a layi ɗaya, siffar ciki ta dace da juna, babu gibi. Toshe ƙarshen na alminiyam da abin da ke jure zafi, ba matoshin robar da ya zo da na jigila ba. Zare ƙusar robar da abin zare ta ko ƙaramar filaya, kada ka ɓanɓare ta da wuƙa, domin ɓurɓushin roba yana faɗawa ciki. Ɗaga ƙarshen a hankali har kayan su fara tafiya da kansu, ka tsaya a nan. Kada ka miƙe bututun tsaye su zubo su bugi juna, kada ka ƙwanƙwasa shi a tebur. Idan ɗaya ya maƙale, sauke bututun ka duba dalili. Turawa da waya ko tsinke karya ƙafa yake yi.

Ƙafafun SOIC da PLCC ana son duk su zauna a lebur, bambancinsu kada ya wuce milimita 0.10. Dalmar da ake shafawa a bod kaurinta wajen 0.12 zuwa 0.15 ne. Ƙafar da ta ɗaga da kaurin takarda biyu ba za ta taɓa dalma ba, ido kuma ba zai gani ba sai an gama aiki. Idan tire za ka yi amfani da shi, ɗauki kayan ta bayansu da alƙalamin tsotso, ba da hantsaki ta ƙafafu ba, ba kuma da yatsa ba, domin maiƙon hannu in ya gasu a kan kuza yana hana dalma kamawa.

Fuska kuwa ita ce alamar ƙafa ta ɗaya. Kafin ka buɗe, duba ta taga ka ga ina ɗigon yake kallo dangane da rubutun bututu da kuma ƙarshen da matoshi yake, ka rubuta. Wasu kamfanoni suna sa matoshi mai launi dabam a ƙarshen ƙafa ta ɗaya, amma ba duka ba, don haka kada ka dogara da launi. Lura da cewa juyewa baki da baki sau biyu, zuwa da dawowa ta baki ɗaya, yana mayar da kayan yadda suke, amma in ka dawo da su ta ɗaya ƙarshen bututun, sun juya. Kada a haɗa rukuni biyu a mazubi ɗaya, kuma kowane mazubi a rataya masa alamar ƙarfe ko a rubuta da abin da zafi ba ya gogewa. Bututan robar da aka juye a ajiye su da lakabinsu har kayan su dawo.

Obin ya zama mai fanka da ke zagaya iska, mai hujin fitar da tururi, wanda ke riƙe 125 zuwa 135. Obin girki bai dace ba: zafinsa hawa da sauka yake yi sosai, kuma ƙarfen wutarsa yana gasa abin da ke kusa da shi fiye da abin da ma'auni ke nunawa. Kada a sa kwali, takarda ko roba a ciki, hayaƙinsu yana sauka a kan ƙafafu. Sa wayar auna zafi a tsakiyar kayan, ka fara ƙirga lokaci daga sa'ar da su kansu suka kai zafin, ba daga sa'ar da ka rufe ƙofa ba. Tarin tire mai tsawo yakan daɗe kafin tsakiyarsa ya yi zafi. Idan wuta ta yanke a tsakiya, ƙara lokacin da aka rasa, ka kuma rubuta shi cikin lissafin awa 96.

Bayan an sauke

Kada ka mayar da kaya masu zafi cikin bututun roba, abin da ka guje wa tun farko zai faru. Bar su su huce a wuri busasshe, a cikin kabad ko cikin obin da aka kashe in busasshiyar iska na shiga, har su sauka ƙasa da 40. Agogon wa'adi yana farawa ne da zarar sun shiga iskar ɗaki. Wannan ne kuma lokacin da caji ya fi haɗari, kaya a bushe, mazubi a bushe, don haka fankar kashe caji ta ci gaba da aiki. Kafin mayarwa, leƙa cikin bututun robar ta haske ka ga ko ya lanƙwashe, ya tsage a baki, ko akwai ƙura. Wanda ya sha amfani a canza shi. Duba kaya kaɗan daga kowane bututu da madubin ƙara girma: ƙafafu, launin kuza, alamar fuska. In ƙafafun sun dushe ko sun yi rawaya-rawaya, gwada kamun dalma a kan guda biyu ko uku kafin a dasa rukunin duka.

Idan ba yau za a yi aiki da su ba, sabuwar leda, sabon ƙunshin shan danshi, sabon kati. Tsotse iska kaɗan kawai. Matse leda har ta manne jikin bututai yana hana ƙunshin aiki, yana sa kati ya yi ƙarya, kuma yana sa kusurwar bututu ta huda ta. Sabuwar takarda ta nuna ranar likewa, matakin MSL, da jimillar awannin gashin da kayan suka sha zuwa yanzu.

A kan inji

Fidar bututu da girgiza take tura kaya, kuma girgizar da ta yi yawa tana sa siraran kaya irin TSSOP su hau kan juna su toshe hanya, ko na gaba ya yi tsalle daga wurin ɗauka. Fara da ƙaramar girgiza ka ƙara a hankali har kaya ɗaya ya iso bakin kafin injin ya dawo. Duk sabon bututun da aka ɗora, a duba fuskar na farko da ya fito, domin bututu yana shiga fida ta kowane ƙarshe, kuma SOIC da aka juya yana zama a gurbinsa daidai, sai an ba bod wuta za a sani. Bututun da ya rage rabi a tura masa matoshi ko soso marar caji har ya taɓa kayan, kada su riƙa kai da komo suna bugun juna a hanyar sito. Waɗanda injin ya ɗauka ya yar a kwandon gefe ba a mayar da su bututu sai an duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya.

Bi ta obin narka dalma ba gashi ba ne, bai isa ya busar da kaya ba, kuma ba ya mayar da agogo baya. A bod mai fuska biyu, IC ɗin da aka dasa a fuskar farko wa'adinsa yana ci gaba da tafiya har ya bi ta obin karo na biyu, kuma gwajin MSL na kamfani wucewa uku kawai ya ƙunsa. Idan bod ya kwana biyu tsakanin fuskokin, a kabad zai kwana. Idan kuma an wanke shi da ruwa a tsakani, ko za a cire IC da bulowa da niyyar sake amfani da shi, sai an gasa bod ɗin tukuna, bayan an duba cewa babu batir, kafasita mai ruwa, ko soket ɗin robar da ba zai jure zafin da aka zaɓa ba.